Tambayoyinku da Amsoshinmu: Tumaki Suna Wahala a Gabana, Wa Zan Kai wa Ƙara?

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga tumaki da halin da ake barin su a ciki, a gidaje da ƙauyuka da kuma kan hanyar kasuwa. Mun zaɓi guda huɗu, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Funtuwa

Assalamu alaikum. Maƙwabcinmu yana da tumaki bakwai da rago ɗaya da ya ɗaure a wani kango da ke jikin katangarmu. Tun shigowar bazara nake jin kukansu dare da rana, kuma duk sanda na leƙa sai in ga bahon ruwansu a bushe, ba rumfa, ba harawa. Igiya ta ci wa ɗaya daga cikinsu ƙafa har ƙudaje suna bin wurin. Wata tunkiya ta haihu, ɗan ya mutu bayan kwana biyu, gawar ta wuni a yashe. Mutumin ɗan kasuwa ne, yana fita da asuba ya dawo da dare, kuma ya girmi maigidana ƙwarai. Maigidana ya ce kada in sa baki a dukiyar mutane. Shin ina da damar yin magana, kuma wa zan gaya wa ba tare da na haddasa gaba tsakanin gidajen biyu ba?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da halittar da ba ta da bakin kai ƙara. Kina da damar yin magana, kuma abin da kika bayyana ya kai matsayin da yin shiru a kansa bai dace ba.

Ya kamata tun farko a bambanta rama da sakaci, domin a bazara kusan kowace tunkiya a ƙasar Hausa takan faɗa. Ciyawa ta ƙare, harawa da dusa da kowar wake sun yi tsada, kuma akwai masu kiwo da yawa da suke iyakar ƙoƙarinsu amma aljihunsu bai kai ba. Irin waɗannan taimako suke buƙata. Sai dai abubuwan da kika lissafa ba na tsadar abinci ba ne. Ruwa, da inuwa, da sassauta igiya, da kawar da mushe, duk ba sa buƙatar jari, lokaci da kula kawai suke buƙata. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a yankinku yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan yanayi babbar tunkiya tana iya shan lita 4 zuwa 6 a wuni, mai shayarwa kuwa ta fi haka, musamman idan busasshen abinci take ci. Tunkiyar da ta haihu ba ta samun ruwa nononta yakan janye, shi kuwa ɗan da bai sha dakashi ba a sa'o'in farko na haihuwarsa ba kasafai yake tsallake kwanakin farko ba. Saboda haka mutuwar ɗan nan da kika gani tana iya zama tana da alaƙa kai tsaye da busasshen bahon. Raunin igiya kuma abu ne da ke saurin ɓaci, domin ƙudaje suna yin ƙwai a ciki, cikin 'yan kwanaki sai tsutsa ta fito ta shiga cin nama, ƙafar ta kumbura, dabbar ta kasa tsayawa ta ci abinci.

Maganar maigidanki tana da gaskiya ta wani ɓangare. Tumakin dukiyar mutumin ce, don haka kada ki tura yara su shiga kangon a ɓoye, kada a kwance su, kada kuma a ɗura musu wani magani ba da saninsa ba, domin idan ɗaya ta mutu bayan haka laifin kanku zai dawo. Amma mallakar dabba ba ta ba mutum ikon azabtar da ita ba, a addini ko a doka. Ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim cewa an azabta wata mata saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba, har ta mutu. Wannan shi ne ainihin hoton dabbar da aka ɗaure a turke aka tafi aka bar ta. Abu Dawud kuma ya rawaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gonar wani mutumin Madina ya tarar da raƙumi yana zubar da hawaye, sai ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwar da yake bar masa da wahalar da yake ba shi. Abin lura a nan shi ne raƙumin ba nasa ba ne, amma bai ce dukiyar mutane ce ya wuce ba. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ake bi a ƙasar nan, sun bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci, kuma idan ya ƙi, hukuma tana da ikon tilasta masa ya rabu da ita ta hanyar sayarwa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Kundin Penal Code, wanda aka fara aiki da shi a Arewacin Nijeriya a 1960, ya haramta dukan dabbar gida ko azabtar da ita a sashe na 207, sannan sashe na 208 ya ambaci ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta da kuma yin sakaci da ita har ta sha wahalar da ba ta zama dole ba. A jihohin Kudu, sashe na 495 na Criminal Code ne ya yi magana a kan haka. Wasu jihohin Arewa sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun canja, don haka wanda zai kai magana kotu sai ya duba na jiharsa. Gaskiyar magana ita ce ba kasafai irin waɗannan ƙararraki suke isa gaban alƙali ba, kuma mutane da yawa ba su ma san dokar tana nan ba. Duk da haka saninta yana da amfani, domin yana ba mai unguwa da likitan dabbobi ƙarfin gwiwar yin magana da mutumin da ya yi taurin kai.

Shawarata ita ce a fara daga ƙofar gidan mutumin, kuma maigidanki ne ya fi dacewa ya je, shi kaɗai, bayan sallar isha'i ko wani lokacin da babu idon jama'a. Tun da dattijo ne, a shiga masa ta ƙofar girmamawa da tayin taimako. Yana iya cewa: “Baba, mun lura ruwan tumakin nan yana ƙarewa tun kafin azahar saboda zafi, ga shi kana kasuwa. Idan ka yarda, yaranmu za su riƙa zuba musu da rana. Akwai kuma wadda igiya ta ji wa ciwo a ƙafa, ko ba ka gani ba saboda da dare kake dawowa.” Irin wannan magana ta isar da saƙon duka, ta kuma bar wa mutumin hanyar gyarawa ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Sau da yawa za a tarar ya ɗora aikin a kan wani yaro ne yana zaton ana yi, ko kuma duhu yana hana shi ganin halin da suke ciki. Idan maigidanki ya ƙi zuwa, kina iya bi ta hannun matar mutumin, ko wata dattijuwa da gidajen biyu suke jin nauyinta. Ki tuna wa maigidan naki cewa mutumin nan dukiyarsa ce take lalacewa, kuma maƙwabcin da ya ga dukiyar ɗan'uwansa tana salwanta ya ankarar da shi ya cika haƙƙin maƙwabtaka ne.

Idan an yi haka kwana biyu ko uku babu canji, sai a je wa mai unguwa, a haɗa da limamin masallacin da mutumin yake salla idan ya yiwu. Kada a ja lokaci fiye da haka, domin ƙishirwa a bazara ba ta jiran mako. Idan nan ma abin ya faskara, mataki na gaba shi ne asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko sashen noma na ƙaramar hukuma inda malaman dabbobi suke. Likitan dabbobi ne yake da ilimin da zai tabbatar cewa abin da aka gani sakaci ne ko cuta, kuma bayaninsa ne zai yi nauyi idan magana ta kai ga 'yan sanda. Mushen da aka bari a yashe kuwa ya shafi lafiyar gidanku kai tsaye saboda wari da ƙudaje, don haka kuna da hurumin sanar da duba-gari a kan wannan kaɗai.

Duk inda za a kai maganar, a faɗi abin da ido ya gani kawai: yawan dabbobin, inda suke, tun yaushe abin ya fara, lokutan da aka ga bahon a bushe, da wadda take da rauni da inda raunin yake. Kada a ƙara gishiri, kada kuma a sako halin mutumin ko wata tsohuwar tsama a ciki. Idan kin ɗauki hoto daga cikin gidanki, ki nuna wa mai unguwa ko likita, amma ina roƙonki kada ki saka shi a Facebook ko zaurukan WhatsApp. Hakan zai tozarta dattijo a gaban 'ya'yansa, ya jawo gabar da kike gudu, kuma tumakin ba za su samu ko kofi ɗaya na ruwa ta dalilinsa ba.

TAMBAYA, daga wani ma'aikaci a Kano

Malam, na ba ɗan'uwana da ke ƙauye tumaki biyar ya riƙe mini amana, a kan mu riƙa raba 'ya'yan. Da na je dubawa sai na tarar biyu sun mutu, sauran kuma sun rame, suna zawo, majina ta toshe musu hanci, bakinsu duk gyambo. Raina ya ɓaci, har ina tunanin kai shi gaban dagaci. Wannan ba cin amana ba ne?

AMSA

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin ka je wurin dagaci, ka fara zuwa wurin likitan dabbobi, yau ɗin nan idan da hali. Alamomin da ka lissafa, wato zawo da majina da gyambon baki tare da mutuwar fiye da ɗaya a ɗan lokaci, sun yi kama da cutar da likitoci ke kira PPR, wadda take kama tumaki da awaki. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, gwajin likita ne zai tabbatar, amma idan ita ce, to tana iya shiga garken makiyayin da ya fi kowa kula, musamman idan an sayo sabuwar dabba daga kasuwa an haɗa ta da sauran, ko kuma suna haɗuwa da na maƙwabta a wurin kiwo da mashaya. An fara gano cutar a Kodebuwa a 1942, kuma ta yi ɓarnar da ta sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin magungunan da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye. Abin da likita zai yi shi ne ya taimaki dabbar da ruwa da maganin cututtukan da suke biyo baya, ko Allah zai sa ta tashi. Rigakafinta kuwa yana nan, ana yin sa a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekaru uku ko fiye.

Tambayoyin da za su nuna maka ko an yi sakaci su ne: da suka fara ciwo, ya ware marasa lafiya daga masu lafiya? Ya nemi malamin dabbobi? Ya sanar da kai, ko ya ɓoye har sai da ka je da kanka? Idan ya ɓoye, to ya yi kuskure babba, kuma ya kamata a gaya masa. Amma akwai tambayoyin da kai ma za ka amsa. Tun da ka ba shi su, ka taɓa aika kuɗin dusa a bazara, ko na allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki? Yawancin rigimar kiwon amana daga nan take tasowa, domin an yi yarjejeniya a kan rabon 'ya'ya, ba a yi ta a kan wanda zai ɗauki nauyin ciyarwa da magani ba, sai a bar talakan ƙauye da baki biyar da zai ciyar alhali gidansa ma da ƙyar yake riƙewa. Tumakin naka ne, kuma nauyinsu bai sauka daga kanka ba don kawai suna hannun wani.

Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne kada ku kwashi sauran ku kai kasuwa don gudun asara, kamar yadda wasu suke yi. Wannan zalunci ne ga wanda zai saya, kuma ita ce hanyar da cutar take bi ta game ƙauyuka. Sanar da hukumar dabbobi a irin wannan hali taimako ne ga duk masu kiwon ƙauyen. Haka nan, duk wanda ya ga dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko baki ko dubura kuma bai daskare ba, kada ya feɗe ta, kada ya taɓa ta da hannu, ya kira likita nan take. Wannan alamar antiraks ce, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, kuma tana kama mutane. An tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023.

TAMBAYA, daga wani matafiyi a Haɗeja

Gab da Babbar Salla na ga yadda ake loda raguna a tirela hawa-hawa, a cunkushe, wasu suna tattake wasu, ga rana. Na kuma ga mai babur ya ɗaure tumaki uku ƙafafu a haɗe, kan ɗaya yana lilo kusa da taya. Akwai wanda ke da alhakin hana wannan?

AMSA

Akwai, ɗan'uwa, ko da yake aikin ya rarrabu a hannaye da yawa. A manyan kasuwanni irin su Maigatari da ke ci ranar Alhamis da Wudil da ke ci ranar Juma'a, akwai shugabannin kara da na dillalai da na masu lodi, akwai kuma ma'aikatan lafiyar dabbobi na gwamnati da aikinsu ya haɗa da duba dabbobin da za a fita da su. Waɗannan ne ya kamata a fara yi wa magana tun motar ba ta tashi ba, domin maganar shugaban kara tana da tasiri a wurin mai lodi fiye da ta baƙon da ya tsaya yana faɗa. Idan motar ta riga ta hau titi, lodin da ya wuce ƙima yana cikin abin da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke da hurumi a kai, sai a ba su lambar motar da hanyar da ta bi.

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma motar dabbobi takan kwana a hanya. Ragon da ya faɗi a cikin cunkoso ba ya iya tashi, na kusa da shi suna taka shi, numfashinsa yana ƙuntata, kuma idan ba a tsaya an ɗaga shi ba sai dai a sauke gawa ko a yi gaggawar yanka shi a gefen titi. Fatake masu hankali sun san wannan, shi ya sa suke zuba yashi ko ciyawa a ƙasan mota, su shayar da dabbobin kafin lodi, su raba manya da ƙanana, su kuma sa yara a baya suna lura. Wanda ya cusa ƙarin raguna goma don rage kuɗin mota yakan yi asarar da ta fi abin da ya rage. Akwai kuma hujjar da mai sayar da ragon layya ba zai iya musantawa ba: hadisin Bara'u ɗan Azib ya ambaci dabbobi huɗu da ba sa isarwa a layya, wato mai ido ɗaya da aibinta ya bayyana, da marar lafiyar da ciwonta ya bayyana, da gurguwar da ɗingishinta ya bayyana, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. Ragon da aka karya wa ƙafa a lodi ya fita daga sahun abin da aka kai shi a sayar dominsa.

Shi kuwa mai babur, yawanci talaka ne da ba shi da kuɗin mota. Idan ka same shi a tsaye, ka yi masa sallama, ka taya shi gyara ɗaurin yadda kan dabbar zai ɗaga kuma igiya ba za ta shaƙe ta ba.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Zariya

A unguwarmu ana sakin tumaki da safe su wuni a bola suna cin leda da kwali. Masu su suna cewa ai sun sake su su yi kiwo. Wannan ma sakaci ne?

AMSA

Sakaci ne, 'yata, ko da masu yin sa ba su ɗauke shi haka ba. Cikin gari ba makiyaya ba ce, kuma tunkiyar da yunwa ta kora bola tana haɗiye leda saboda ƙanshin abincin da ya saura a jikinta. Leda ba ta narkewa, taruwa take yi a tumbi tana cuɗewa har ta zama dunƙule mai tauri da ke cinye gurbin abinci. Sai a ga cikin dabbar ya yi girma alhali ƙashin bayanta da haƙarƙarinta suna fitowa, cin abincinta yana raguwa, kashinta yana ƙaranta, tana ramewa a hankali har ta kwanta. Mahauta sun san wannan sarai, domin suna ciro irin wannan dunƙule a mayanka. Babu jiƙo ko ƙwayar da ke narkar da shi, tiyata kawai ke fitar da shi, kuma kuɗinta kan yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi.

A nan ƙarar mutum ɗaya ba za ta wadatar ba, tun da al'adar unguwa ce gaba ɗaya. Ki nemi mahaifinki ko wani babba ya kai maganar ga mai unguwa, a roƙi liman ya taɓo ta a wa'azi, a kuma gayyato malamin dabbobi ya yi wa masu kiwo bayani, musamman mata, waɗanda su ne suka fi riƙe tumaki a cikin gidaje. Wanda ba zai iya tsare tumakinsa gaba ɗaya ba, ya ba su dusa da harawa da ruwa da ɗan gishiri ko kanwa kafin ya sake su, domin dabbar da ta fita da abinci a cikinta ba ta cika rarumar leda kamar mayunwaciya ba. Wanda kuma yake da goma alhali ƙarfinsa na ciyar da huɗu ne, ya sayar da shida tun suna da ƙiba, ya sayi abincin bazara da kuɗin tun lokacin kaka, sa'ad da harawa take da araha.